Rakiyar da Ban Yi wa Yaya Ba

Sau uku Yaya ta zo gidana a Gema, cikin Paraku, da ƙullutu a nononta na hagu, tana neman yadda za ta gaya mini. Sau ukun nan duk babur na kira mata har bakin ƙofa, ina jin na yi mata gata.

Mu takwas Inna ta haifa. Yaya ce ta fari, ni ce auta, tsakaninmu shekara goma sha bakwai. Gidanmu yana Jugu, cikin tsofaffin gidajen fataken goro, irin waɗanda har yanzu zaurensu ya fi ɗakunansu girma ko da yake an daɗe da daina sauke ayari. A lakwal, wato makarantar boko, Faransanci aka koya mini. Hausar boko a littattafan soyayya na koye ta, waɗanda wani kawunmu mai zuwa Kano yake sako mini a ƙasan buhun kaya. Na karanta su har bangonsu ya yi laushi kamar tsumma. A cikinsu na san duniya, ko in ce na ɗauka na san ta. A can, wanda yake da damuwa ba ya iya ɓoyewa: hawaye ne za su zubo, murya ta yi rawa, a dafa ƙirji, a yi magana shafi biyu. A can kuma baƙo ba ya fita da ƙafa. Uwar gida za ta ce, “Direba zai kai ki,” a buɗe ƙyauren ƙarfe, mota ta fita a hankali.

A gidanmu na Jugu ba haka ake sallamar baƙo ba. Rakiya ake yi, kuma rakiyar tana da tsari. Maƙwabciya ana kai ta bakin zaure. Ƙawa ana kai ta kwanar masallaci. Ɗan'uwa na jini, ko wanda ya zo daga wani gari, ana tafiya da shi har gindin babban rimin da ke hanyar tasha. Kakarmu takan ce a gindin rimin nan ake rabuwa da ayari in za su tafi Gwanja, a nan mai wasiyya yake yin wasiyyarsa, wanda ya ɓata wa wani rai ya nemi gafara, domin ba kowa yake dawowa ba. Ayari ya wuce, al'adar ta zauna. Baƙo ne yake sallamar mai rakiya, ya ce, “Koma haka nan.” In bai faɗa ba, ba a komawa. In ya faɗa kuma mai rakiya ya yi kamar bai ji ba, to shi ne yake da magana.

Ina yarinya na ɗauki abin wahala ce kawai. Za a ce, “Auta, ɗauko wa Gwaggo jakarta,” in bi su a baya cikin rana, su biyu suna tafe a jere kamar ba su da ƙafa, suna magana ƙasa-ƙasa, babu mai kallon wata. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa matan da suka wuni tare a tsakar gida suna hira sai a hanya muryarsu take sauka ba.

Ni kaina a rakiya aka nemi aurena. Maigidana tela ne, mutum ne da in ya yi magana goma a yini to ranar ya yi surutu. Watanni yana zuwa zance, ina jiran ranar da zai ce ni ce hasken idonsa, ko ya ce ba ya iya barci. Wata ranar Juma'a na raka shi kwanar masallaci, yana tura babur ɗinsa, ya ce yana kallon tayar gaba, “To, ni dai ina so a yi, in kin yarda.” Shi ke nan. Kwana uku ina jin haushi. Na yarda dai.

Da muka koma Paraku, shi yana da shago a unguwar Albarika, muka kama ɗaki da falo a Gema, a gidan haya mai ƙyauren ƙarfe shuɗi. Ƙyauren nan ya burge ni fiye da ɗakin. Na kuma sami lambar wani ɗan zem, wato mai babur na haya, dattijo mai natsuwa, wanda in na kira shi kafin in ajiye wayar ya iso. A raina nakan kira shi direbana. Duk wanda ya zo gidana, da ya fara gyara mayafi sai in danna waya. Mutane suna yabawa. Suna cewa auta ta waye.

Yaya kuwa a Partago take aure, mijinta manomin doya ne da kashu, ita kuma tana sayar da man kaɗanya ranar kasuwa. Ba mai yawo ba ce. Shekara biyu ina Paraku sau ɗaya ta zo, ranar kawo ni. Don haka da na buɗe ƙyaure wata safiya na gan ta da doya biyar a buhu da wagashi, cukun Fulani, a cikin ganye, na yi murna har na manta in yi mamaki.

“Atamfa na zo dubawa,” ta ce. “An ce ta nan ta fi ta Jugu.”

“Wa ya ce?”

“Mutane.”

Ta zauna a falo, ta ƙi kujera, ta sauka kan tabarma. Maƙwabtana suka yi ta shigowa gaisuwa, ɗaya bayan ɗaya, Bayarabiya da Babarba da matar malamin lakwal, kowace ta zauna kaɗan. Da azahar maigidana ya dawo cin abinci, ya durƙusa ya gaishe ta, ya tsaya a falon yana jin kunya, ita ma tana jin kunyarsa. Da ya fita na kunna talabijin don kada ta ji kaɗaici. Ta ɗauki wani littafi da na bari a kife a kan tabarma, ta duba hoton bangon, wata yarinya ce ta yi tagumi.

“Wannan me ya same ta?”

“Ciwon so, Yaya.”

“Allah sarki. A ina yake kama mutum?”

“A ƙirji.”

Ta yi dariya, ta ajiye littafin. “Sai a kai ta likita,” ta ce. Ni ma na yi dariya.

Da la'asar ta miƙe ta yafa mayafi. “Taso mu je, Auta.”

“Zauna, Yaya. Ba inda za ki da ƙafa a garin nan.”

“Ƙafata lafiya lau.”

“Rana fa. Ga shi ma ya iso.”

Babur ya yi ƙara a waje. Ta ɗan tsaya a bakin ƙyaure tana gyara ɗaurin zane, wanda bai kwance ba. Sannan ta hau. Na gaya wa dattijon ya kai ta har cikin tasha, kada ya sauke ta a titi. Sai da dare ya yi na tuna ba ta je kasuwar atamfar ba, na ce a raina hira ce ta ɗauke mu.

Zuwa na biyu bayan wata ɗaya da rabi ne. Wannan karon ta ce takardar makarantar ɗanta ta kawo a duba mata, takardar da kowane malami a Partago zai iya karanta mata. Na karanta, babu komai a ciki. Na lura ta rame, na faɗa mata, ta ce aikin kashu ne. Na lura da hannu ɗaya ta karɓi kwanon abinci.  A littattafaina mai damuwa ba ta cin abinci, Yaya kuwa ta cinye tuwonta tas, har ta ce miyar ta yi gishiri. Da ta tashi tafiya, na riga na kira direbana tun tana alwala.

Zuwa na uku shi ne wanda ba na son tunawa. Ranar na sa lalle. Babu biki, babu suna, na dai karanta wata amarya da take tarbar mijinta da jan lalle har idon sawu, na ce ni ma sai na yi. Yaya ta same ni ƙafafuna a ɗaure cikin leda, na miƙe su a kan kujera. Ba ta kawo dalilin zuwa ba wannan karon. Ta zauna, ta sha ruwa, ta yi shiru fiye da yadda ta saba. Da lokacin tafiya ya yi, ta tsaya a kaina.

“Auta, ba za ki ɗan taka mini ba?”

“Yaya, dubi ƙafata. In na taka yanzu ya ɓaci.”

Ta dubi ƙafar. “Gaskiya ne,” ta ce. “Bari ya kama.”

Ita ta buɗe wa kanta ƙyaure. Lallen ya kama, ya yi ja sosai. Maigidana bai ma lura ba sai bayan kwana biyu.

Wata huɗu da zuwanta na farko aka yi suna a gidanmu na Jugu, matar yayanmu ta haihu. Kowa ya zo ban da Yaya. Ta aiko da man kaɗanya da gaisuwa, aka ce aiki ya riƙe ta. Washegarin suna da hantsi na haɗa kayana, zan kira zem, Inna ta ce, “Ajiye wayar nan.” Ta ɗauki mayafinta. Na ji nauyi, domin gwiwa tana damunta.

Muka wuce kwanar masallaci. Na ce, “Inna, koma haka nan.” Ta yi kamar da iska nake magana. Muka wuce mai tuyar ƙosai, muka wuce famfo. Na sake cewa ta koma. Ta ci gaba da tafiya tana kallon gabanta.

“Waccan ta Partago,” ta ce, “an ce ta je wurinki sau uku.”

Inna ba ta kiran sunan Yaya. 'Yar fari ce, akwai kunya a tsakaninsu. Tun Yaya tana jaririya kakarmu ta ɗauke ta, ita ta raine ta. Ban taɓa ganin su biyu sun zauna a ɗaki ɗaya suna hira ba. In Inna tana son Yaya ta ci abinci, sai ta ce wa wani, “A ce wa mutane abinci yana hucewa.”

“E, ta zo,” na ce.

“Me ta ce miki a hanya?”

“Wace hanya?”

“Da kika raka ta.”

“Ai zem nake kira mata, Inna. Har ƙofar gida yake zuwa.”

Inna ta tsaya. Ba ta dube ni ba. Wata akuya take kallo, tana cin ɓawon ayaba a gefen kwata.

“Duka ukun?”

“Duka.”

“Mace mai gona da kasuwa ta bar komai ta shiga mota sau uku, ba ta saya ba, ba ta sayar ba. Ke da kika yi karatu, me kika ɗauka ta je yi? Kallon ƙyaurenki?”



“Da salla ta zo nan,” Inna ta ce. “Na ga ta sauke tukunya da hannu ɗaya. Na ga yadda take ɗaura zane, sama da yadda ta saba. Akwai abin da yake cin ta.”

“To me ya sa ba ki tambaye ta ba?”

“Kin san ba zan iya ba.”

“Inna, 'yarki ce.”

“Na san wadda na haifa.” Ta gyara mayafi. “Shi ya sa na haifa mata ƙanne.”

Na yi shekaru ina juya maganar nan. A lokacin na ji haushin kunyar, na ce a raina wace irin al'ada ce za ta hana uwa tambayar 'yarta ina ke mata ciwo. Har yanzu ban ce ta yi daidai ba. Amma daga baya na gane mutanen da suka kafa kunyar nan ba su kafa ta ita kaɗai ba. Sun san tsakar gida tana da kunnuwa, sun san akwai abin da ba a faɗa ana kallon ido, akwai mutanen da ba sa iya magana da juna kai tsaye. Sai suka bar wa magana wata hanya, mai tsawon tafiya daga zaure zuwa rimi, inda mutum biyu suke kallon gaba ɗaya, babu wanda ya kira taro, babu wanda ya ce zauna mu yi magana. Mu da muka zo baya mun riƙe kunyar, domin ba ta buƙatar komai, mun yar da tafiyar, domin tana cin lokaci, tana ɓata takalmi. Abin da ya rage mana shi ne shirun kaɗai. Nakan duba unguwarmu a Gema, kowa da lambar ɗan zem ɗinsa, kowa yana sallamar baƙo daga kan kujera, in ce ko mutum nawa ne suka hau babur da maganarsu a baki.

A gindin rimi Inna ta tsaya. Ba ta ce in je ba. Cewa ta yi, “Motar Paraku ta kan Partago take bi, ko sun canza hanya?”

Na isa gidan Yaya kafin azahar. Mijinta yana zaune a ƙarƙashin mangwaro yana gyara ƙotar fartanya. Ni ƙanwar matarsa ce, akwai wasa tsakaninmu.

“A'a, 'yar birni,” ya ce. “Telan ya kore ki ne? Shigo, akwai ɗaki. Amma a nan sai kin yi daka.”

“In na shigo gidan nan sai ka sa fanka.”

“Ga mangwaro, fankar Allah. Ke, fito ki ga wadda ta ɓata hanya.”

Yaya ta fito daga ɗaki. Ta dube ni, ta dubi jakata, ba ta tambayi abin da ya kawo ni ba. Aka kawo sakwara, na lura maƙwabciya ce ta daka. Muka ci. Muka yi zancen suna, wa ya zo, jaririn wa yake kama. Na zauna awa biyu ina jira ta ce wani abu, ina kallon fuskarta ina neman alamun da na sani, ido ya kaɗa ko leɓe ya yi rawa. Babu ko ɗaya. Fuskar Yaya ce kawai, ta ɗan ƙara tsawo.

Da na ce zan tafi, mijinta ya miƙe ya kama babur ɗinsa. “Hau in kai ki titi.”

“Da ƙafa zan tafi.”

Ya dubi takalmina mai tsini. “Da wannan? Sai magariba za ki isa.”

“Ko gobe ne.”

“Ikon Allah. Telan nan bai iya kiwo ba, ya bar ki kin haukace.”

Yaya ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta fito da mayafi.

Daga gidansu zuwa titi akwai 'yar tafiya, ta cikin gonakin kashu. Muka wuce famfon da mata suke layi, aka gaisa. Muka wuce makaranta. Takalmin yana cin diddigena, ga yashi. Sau biyu “koma haka nan” ta zo mini baki don sabo, na haɗiye. Yaya ta yi mini zancen wata akuyarta da ta haifi uku. Ta yi zancen ruwan sama da ya makara. Sannan ta yi shiru, ni ma na yi shiru, kuma shirun ya yi mini tsawo ƙwarai, ni da na saba in na gaji da shiru a littafi in buɗe shafin gaba. Na fara jin ƙarar motoci. Na ce a raina shi ke nan, za mu kai titi ba ta faɗa ba.

A wata 'yar gada ta siminti, inda hanya ta ɗan sauka, ta rage tafiya.

“Akwai wani abu a nan,” ta ce.

Ba ta dube ni ba. Ta kama hannuna ta shigar da shi ƙarƙashin mayafinta, ta danna yatsuna a gefen nononta na hagu. Abu ne mai tauri, ba ya motsi, girmansa ya kai ƙwan kaza.

“Farkon zuwana gidanki kamar ƙwallon kaɗanya yake,” ta ce. Ba da zargi ta faɗa ba. Yadda ta yi zancen akuyar haka ta faɗe shi.

Na fashe da kuka, irin kukan da na karanta sau ɗari, har da durƙusawa.

“Ke, tashi,” ta ce. “Ba a cikin littafinki muke ba. Ga mutane can tafe da itace. Share fuskarki.”

Na tashi. Muka ci gaba da tafiya, domin tsayuwa tana jawo ido. A sauran hanyar ta gaya mini komai, a gajarce. Ta sha jiƙo, ta shafa abin da aka ba ta. Ta je wurin malamin da yake karantar da yara a unguwarsu, ta ce masa wata ce ba ta da lafiya. Ya yi mata rubutu, ya ce, “Ki ce wa mai ciwon ta sha, amma ta je asibiti, kada ta tsaya a kaina.” Asibitin kuwa Faransanci ake yi, ita ba ta ji, kuma ta ji ana cewa yanke wa mace suke yi. Ba ta son shiga wurin ita kaɗai.

“Mijinki ya sani?”

“Ta ina zan fara? Shekara talatin ban taɓa ce masa kaina yana ciwo ba.”

“Me ya sa ba ki kira ni a waya ba, Yaya?”

“In ce me? Allo, Auta, ga ƙwai a ƙirjina?”

Dariya ta kama ni a tsakiyar kuka. A bakin titi ta tsaya. Na ce ba zan shiga mota ba sai ta faɗi ranar da za ta zo. Ta ce bayan kasuwa. Na ce jibi. Ta ce, “Yaushe kika fara ba ni umarni?” Ta zo jibin.

Likitar da ta duba ta mace ce, ba ta da yawan magana. Ni nake fassara. Ta tambaya, “Depuis quand?” Na juya na tambayi Yaya tun yaushe. Yaya ta ƙirga da damina da azumi, ni kuma dole na mayar da shi watanni da bakina, cikin Faransanci, har da wata huɗun da ni na ɓata mata. Likitar ta rubuta, ba ta yi faɗa ba. Aka yi hoto, aka ɗebi wani ɗan yanki aka aika gwaji, muka jira. Da sakamakon ya fito ta kira sunan ciwon, ciwon daji, ta ce sai an cire nonon gaba ɗaya, kuma gara a yi da wuri. Na tsaya ina neman kalma mai taushi. Yaya ta ce, “Faɗi yadda ta faɗa. Na ga hannunta, ta nuna wuƙa.”

Saura mijinta. Muka aika ya zo Paraku, ya zo da fara'arsa yana tsokanata, ya ci abinci, babu wanda ya iya buɗe baki. Da ya tashi, maigidana ya sa hula ya ce, “Bari in taka masa.” Tasha ba ta kai rabin awa da ƙafa ba. Sai bayan awa biyu suka dawo, su biyun, mijin Yaya bai tafi ba. Ya zauna a bakin ƙofar falo, idonsa ja, ya ce wa Yaya, “Ke kuma sai ki yi shiru?” Ta ce, “To ga shi ka ji.” Daga baya na tambayi maigidana me ya ce masa. Ya ce, “Na gaya masa.” Ban sami fiye da haka ba.

Aka yi aikin. Sun cire nonon, sun kuma cire wasu 'yan ƙulle-ƙulle a hammata, domin abin ya fara kaiwa can. Kwana na biyu Inna ta zo daga Jugu da kunu a cikin kula, duk da gwiwarta. Ta zauna a benci a waje, ta ƙi shiga. Duk wanda ya fito sai ta tambaye shi, “An ci abinci a ciki?” Har la'asar tana nan. Da masu ziyara suka ragu, ta miƙe ta shiga, ta tsaya a gefen gadon tana kallon bango.

“A ce wa mai gadon nan ta sha kunu,” ta ce.

Yaya tana kwance, tsakaninsu bai kai taku ɗaya ba. Ta juyo da kai wajena. “Ki ce mata na sha.”

“A ce ta ƙara.”

“Ki ce zan ƙara.”

Ban faɗi ko ɗaya ba, babu kuma wanda ya jira in faɗa. Inna ta miƙa hannu ta gyara zanen da ya zame daga ƙafar Yaya, tana kallon bangon dai, ta ja shi ta rufe yatsun. Sannan ta fita.

Bayan aikin aka shiga ƙarin ruwan magani, wanda ya zubar mata da gashi, ya sa ta amai, ya sa ta ƙi warin man kaɗanyar da ta yi shekaru tana sayarwa. A falona ta yi jinyar. Wata rana da muka je, na bar ta a benci na koma wurin likitar ni kaɗai. Na tambaye ta, da an zo wata huɗu kafin ranar da muka zo, da abin ya kai hammata? Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce ba za ta iya ce mini e ba, ba za ta iya ce mini a'a ba. Na so ta zaɓi ɗaya, ko wanne ne. Da wannan amsar nake zaune har yau.

Shekara uku ke nan. Yaya ta koma Partago, ta koma kasuwa. Hannunta na hagu yana kumbura in ta yi aiki da yawa, ta daina daka. Duk wata shida tana zuwa a duba ta, kuma duk satin da za ta zo ba na iya karanta komai, ko shafi ɗaya. Likitar ba ta taɓa cewa an gama ba. Cewa take yi, a dawo.

Zuwan da ta yi na ƙarshe, watan jiya ne. Muka zauna a benci tun safe. Aka kira mu, likitar ta duba hoton, ta duba takardar jini, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce ba ta ga komai ba. Na fassara. Yaya ta ce, “Alhamdu lillahi,” a hankali, ta karɓi takardar. Da muka fito waje na ce ta ba ni in sa a jaka kada ta ɓata. Ta ƙi. Ta ninke ta huɗu, ta juya wa mutane baya, ta tura ta cikin rigarta ta gefen hagu, inda take cusa ɗan ƙyalle don rigar ta zauna daidai.

“Wurin yana nan ba ya aikin komai,” ta ce. “Yunwa nake ji, Auta. Nemo mana wasa-wasa, dambun doyar nan, ki ce wa mai sayarwa ta sa yaji da yawa.”